Jakar da ba taka ba ce, kada ta ɗauki sunanka

Yanzu da na ajiye aiki a kamfanin jirgin yawo, ina ganin ya wajaba in faɗa wa maniyyata abin da ba mu cika faɗa musu ba a wurin bita.

Manajan da na yi aiki a ƙarƙashinsa yana da wata al'ada a ranar awon kaya. Idan ya ga tsohuwa ko tsohon da jakarsa ba ta cika kilo ba, sai ya sa a rubuta jakar wani ɗan kasuwa da sunan wannan maniyyacin, ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwar, mai sunan kuwa bai sani ba. Ranar da na ƙi sa hannu, na tuna masa da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a watan Disamba na 2018, saboda jakar ƙwayar tramadol da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano, wadda ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilun 2019 bayan gwamnatin Najeriya ta sa baki. Ya san sarai cewa safarar ƙwaya a can hukuncinta na iya kaiwa ga kisa. Amsarsa ita ce: "Malam, kai ma'aikaci ne ko mai wa'azi?" Daga nan aka cire ni daga rakiyar alhazai, aka mayar da ni kan tebur, kuma har na bar wurin ba a ƙara mini girma ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, amma babu alhajin da ya tashi ta hannuna da jakar da bai sani ba.

Saboda haka, ka tsaya da kanka a wurin awo, ka ƙirga takardun shaidar kayan da aka ba ka, ka tabbatar sun yi daidai da jakunkunanka. Kada kunya ta sa ka karɓi saƙon da ba a buɗe a gabanka ba, ko da na surukinka ne.

Sauran ba su da wuya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida, katin rigakafin shawara da sanƙarau ya zama na gaske, goro a bar shi a gida. Kuma kada ka yarda a tura ka aikin Hajji da bizar ziyara, domin mafi yawan mutum fiye da 1,300 da suka rasu a zafin Hajjin 2024 ba su da izini, ba su da tanti mai sanyi a Mina.