Furfurar bamba: yadda na dawo da baƙin robar motata

Motata Honda CR-V ce ƙirar 2004, irin wadda ba a yi wa bambarta ta gaba da ta baya fenti ba tun daga kamfani, aka bar su a baƙar robarsu yadda aka zubo su. Sa'ad da na saye ta 'yar Kwatano ce, robar na da sauran baƙinta, amma da ta shekara huɗu tana yini a ranar Kano, wadda zafinta kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sai bambar ta yi furfura, ta koma ruwan toka, har wasu wurare suka zama kamar an barbaɗa musu alli. Fentin jikin motar lafiyarsa lau, amma wannan roba ita kaɗai takan sa duk wanda ya kalle ta ya ƙara mata shekaru.

Na daɗe da barin maganar a hannun yaron da ke wanke mini ita. Duk ranar wanki sai ya ce, "Alhaji, bari in sa mata mai," ya ɗauko man da ake shafa wa taya ya goge bambar da shi, ta fito tana sheƙi kamar sabuwa. Sheƙin ba ya wuce kwana biyu ko uku. Yawancin irin wannan mai silikon ne a cikinsa, a saman robar yake zama, ba ya shiga jikinta, kuma da hunturu babu abin da ya kai shi kama ƙura, har bambar ta rine ta yi ja-ja, ta fi da muni. Ranar da na tarar da shi ya buɗe gwangwanin man burki zai shafa, saboda wani ya ce masa ya fi daɗewa, na hana shi nan take, domin man burki yana cin fenti, kuma ɗigo kaɗan ya isa ya ɓata gefen ƙofa.

Wannan ne ya sa na nemi sanin abin da ke faruwa da robar. Idan mutum ya leƙa bayan bamba, sau da yawa zai ga an buga haruffan PP a jikinta, alamar cewa da folifurofilin aka yi ta, ko ita da gaurayen wata roba mai laushi. Baƙin kuma na garin kabon ne, ɗan'uwan kunkunniya, wanda ake cuɗa shi da robar tun tana narke, don ya ba ta launi ya kuma kare ta daga rana. To, a cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet, shi ne yake haɗuwa da iska ya riƙa cinye fatar robar a hankali, har ta yi wasu ƙananan tsage-tsage da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Idan haske ya faɗa a kan wannan kaushin sai ya watse, ido ya ga toka-toka. Ke nan baƙin yana nan a ƙasa, fatar sama ce ta mutu. Wani ɓangare na farin kuma laifinmu ne, domin man goge fenti da yake shafar robar yakan maƙale a cikin ramukanta ya bushe, kuma wanke mota da omo kullum yana ƙara tsotse ta.

Wani mai fenti da na sani ya ba ni shawarar a bi ta da na'urar hura zafi. Ya gwada mini a gefen bamba, kuma gaskiya abin kamar siddabaru, duk inda iskar ta bi sai baƙi ya biyo baya, saboda zafin yana narkar da matacciyar fatar ta sake haɗewa. Sai dai folifurofilin tana narkewa a wajen digiri 160, na'urar kuwa tana iya ninka haka, don haka hannu na tsayawa wuri ɗaya robar za ta yi ƙyalli ko ta lanƙwashe, kuma babu gyara. Ban da haka, kowace ƙonawa tana rage mata ƙarko. Na ce masa, "Oga, a bar ta haka, na gode." Fesa mata fenti ma ban yarda ba, tun da na sha ganin bambobin da fentinsu ke ɓaɓɓakewa kamar saɓar maciji, saboda wannan roba ba ta riƙe fenti sai an fara fesa mata wani sinadarin da ke sa shi kamawa.

Abin da na yi a ƙarshe ya ci mini safiyar Asabar guda, kuma yawancin lokacin a wanki ya tafi. Na shigar da motar inuwa tun kafin rana ta ɗaga, domin robar da ta ɗauki zafi takan busar da duk abin da aka shafa mata kafin ya shiga. Na cuɗe bambar da sabulun wanke mota da burushi mai ɗan tauri, ina bin ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ke fita kuwa ja ne da tsohon mai da ƙurar shekaru. Da ta bushe sarai, na jiƙa farin tsumma da sifirit ɗin da na saya a kemis, na goge ta har sau uku, sai da tsumman ya daina ɗauko datti. A nan ne mutum zai ji kamar ya ɓata aiki, domin bambar takan fito fari fat, ta fi kowane lokaci muni, amma wannan ita ce ainihin fuskarta, kuma duk man da ya rage a kai zai hana maganin dawo da baƙin kamawa.

Daga nan na bi gefen fenti da fitilu da salatif ɗin takarda irin na masu fenti, na sa safar hannu, na ɗauko maganin. Wanda na yi amfani da shi sunansa Solution Finish, ƙanena ne ya taho mini da ƙaramar kwalba daga Amurka, kuma bambancinsa da man taya shi ne yana ɗauke da baƙin launi da ke shiga cikin kaushin robar ya zauna. Ɗigo kaɗan nake zubawa a soso, in shafa a wurin da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, in dakata kaɗan, sannan in share ragowar da tsumma mai tsabta. Wanda ya yi ganganci ya labta da yawa, zai ga shatin zubarsa a jikin ƙofa ranar da ruwan sama ya fara sauka. Na hana ruwa taɓa motar har washegari.

Yau wata bakwai ke nan, ta sha damina guda, kuma bambar tana nan da baƙinta, baƙi mai sanyi marar ƙyalli irin na sabuwar roba. Gefen dama, wanda ke kallon yamma a inda nake ajiye ta a wurin aiki, ya fara sakin launi kaɗan, zan sake bin sa kafin hunturu, na kuma nemi gurbi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ko da yake sai na riƙa share kashin tsuntsaye. Robar da ke gindin gilashin gaba, inda waifa ke kwanciya, ita kam ta riga ta tsattsage, tana marmashewa in an danna ta da yatsa, don haka ban ɓata mata magani ba, na je kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa na sayo wata.