Waken Kudu da waken gida

Talata. Da fara'ata na tashi yau wallahi. Famfo ya kawo ruwa tun asuba bayan kwana tara, uwargida har da ƴar guɗarta. Na tsaya wajen Goggo a bakin layi na sha kunun tsamiya da ƙosai shida masu zafi, bakwai da rabi ina Tudun Hatsi. Sanyi ya tattara kayansa, zafin Gombe ya fara nuna hali.

Ciniki ba laifi. Masara buhu 4, gero tiya-tiya. Hamma ya kira daga Kumo kan kuɗin mota, mun daidaita.

Wajen sha ɗaya wari ya shigo mini sito. Duk wanda ya shekara a harkar hatsi ya san shi, wani kaifi-kaifi kamar kananzir da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Na leƙa ta baya. Alhajin da muke haɗa bango ya sa an shimfiɗa tamfol, an zazzage farin wake ya kai buhu 20. Ga bokitin ruwa, ga kwalaben maganin ƙwari na Sniper uku an juye a ciki, yaronsa na tsoma tsintsiya yana yayyafawa. Ƴan dako biyu, ƙaramin bai fi shekara sha huɗu ba, suna cakuɗawa da hannu da ƙafa. Ba safar hannu, ba takunkumi, ko silifas babu.

Na ce, "Alhaji, barka da aiki. Wannan fa?"

Ya ce, "Ƙwari suka taso mini, Malam. Tirela za ta yi lodi jibi."

Na ce, "Jibi? Allah ya ba ka nasara, ai nan da mako yana cikin tukunyar mutane."

Sai ya yi dariya, irin ta babba da yaro. "Kudu za shi. Kafin ya isa Legas ya sha iska."

Da a nan maganar ta tsaya, da ban zauna rubuta wannan ba, don ba yau na fara jin ta ba. Amma muna tsaye ƙaramin yaron ya nufi kusurwa zai jawo wata jarka. Jarkoki ne rawaya guda huɗu, masu lita 25, an sa leda a bakin kowacce kafin a murɗa murfi. Alhaji ya daka masa tsawa: "Kai! Kada ka taɓa da wannan hannun naka. Na gida ne."

Na gida ne. Tun rana kalmar nan take mini yawo a ka.

Ashe ya sani sarai. Ya san wake ba ya bukatar ko ɗigon magani in an hana shi iska. Abin da ya yi wa jarkokinsa shi ne daidai: a shanya wake ya bushe har in ka ciza ka ji ƙas, a cika jarka taf har wuya, a jijjiga ya zauna, a ƙara, a toshe. Ƙwaron da ke ciki da ƙwansa su cinye ƴar iskar da ta rage, su mutu da kansu. Hikimar buhun PICS ke nan, mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin ka zuba, ka cika kowace leda da iska ka matsa, in tana tsiyaya ajiye ta, ta tashi aiki. Ka zuba wake, ka bar sarari a sama, ka matse iskar, ka murɗe bakin ledar farko, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ta biyu ma haka, ita kaɗai. Sannan na waje. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci ɗaya su ne ke dawowa suna cewa buhun ƙarya ne. Ka ɗora a kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kada ka riƙa buɗewa kana leƙe. In ka kula da shi zai yi maka kaka biyu zuwa uku.

To me ya sa ba ya yi wa na sayarwa haka? Ba tsadar buhun ba ce kawai. Mai saye yana son ya soka ƙarfe a cikin buhu ya zaro samfur, buhun PICS kuwa huda ɗaya ta kashe shi. Ƴan lodi ma jifa suke yi. Sannan babban dalilin: waken nan tun kaka aka saye shi da araha a hannun manoma, aka jibge a buhunan banza ana jiran bazara farashi ya hau. Yanzu ƙwari sun ci rabonsu. Yayyafin ba don ajiya ba ne, don kada mai saye ya buɗe ya ga abu na motsi ne. Gawar ƙwaron a tankaɗe, a sheƙe, a zuba mai kyau a saman buhu, a ɗinke.

Wasu na cewa ai ƙwayar hayaƙi da ake sa wa hatsi don kashe ƙwari ma guba ce. Guba ce mana, tana kisa. Amma ita hayaƙi take saki, kuma tana da ƙa'ida: a ƙunshe ta a tsumma ko takarda don tokarta kada ta taɓa hatsi, a rufe ruf har mako guda, ba a ɗakin da ake kwana ba, ba ma kusa da shi ba, sannan a buɗe ya sha iska, a binne tokar. Sniper kuwa, wanda sinadarinsa ɗaya da fiya-fiya, ruwa ne ake jiƙa abincin da shi kai tsaye. Ba a yi shi don haka ba. Saboda sinadarin nan ne Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya a 2015. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Ku zagaya ku ga ko an daina.

Bayan Azahar abin da nake tsoro ya faru. Ƙaramin yaron ya zauna a gindin bango, zufa ta jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala, yana cewa kansa na juyawa. Na duba idonsa, baƙin tsakiyar ya ƙanƙance kamar kan allura. Nan da nan aka yi caa, wannan ya ce manja, wancan ya ce madara. Na ce kada wanda ya ɗura masa komai, kada kuma a sa shi amai. Maganin nan ta fata yake shiga. Muka tuɓe masa riga, muka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, na sa kwalbar a leda don likita ya ga abin da ya taɓa, Baffa mai Keke Napep ya kai mu asibiti. Sun yi masa allura, sun sa ruwa, sun ce ya kwana. Da sauƙi, alhamdu lillahi.

Alhaji ya aiko da dubu biyu ta hannun yaronsa, da saƙon wai yaron dama bai karya ba ne. Aikin bai tsaya ba. Wani aka kira ya maye gurbin.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ban je wajen shugabannin kasuwa ba. Na ce gobe, kuma na san goben nan. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa, ranar da gobara ta so tashi a sitona shi ya fara ɗauko bokiti.

Ga masu tambayata ta saƙo yadda za su gane waken da aka yi wa yayyafi: ku tura hannu can cikin buhu, ba sama ba, ku damƙo, ku ƙulle a leda, ku ajiye a rana ɗan lokaci, ku buɗe ku shinshina. In wake duk huji ne amma ko ƙwaro ɗaya ba ya motsi a tsakiyar bazara, ku yi tambaya. Shanyawa da wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, amma ni ba zan ce muku suna cirewa duka ba.

Da Magariba na biya wa Adda da maganinta. Wuta ta zo, ta koma.

Bayan Isha na buɗe Facebook, sai ga Alhaji cikin babbar riga, an yi layin mata a ƙofar gidansa, yana miƙa musu ƙullin leda, mai ɗaukar hoto na cewa su ɗago fuska. Kun dai san zaɓe na matsowa kuma kun san kujerar da yake hari. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta, wani hannu ya janye shi. A ƙasa ana ta zuba "garkuwan talakawa" da "Allah ya ƙara arziki". Wani yaro ya tambaya ko sai an ɗauki hoto sadaka ke karɓuwa, suka yi masa rubdugu, har uwarsa ba su bari ba. Na faɗaɗa hoton ina ƙare wa ledojin kallo. Farin wake ne. Na rubuta abu, na goge. Na sake rubutawa, na goge.

Uwargida ta ce me nake ta zuƙowa a waya haka, na ce ba komai. Sai can na tuna tirela ba ta kwashe duka. Akwai sharar tamfol da ragowar gindin buhu, masu huji, da ake sayar wa masu ƙosai da alale da rahusa, tunda in an markaɗa ba mai ganin huji. Na tambaye ta ko ta san inda Goggo ke sayen wakenta.

Ta ce, "Ba kai ka haɗa ta da maƙwabcinka bara ba?"