Konseye a lise: me ye aikinsa ma?

Yawancin lise (makarantun sakandare) na gwamnati nan Garwa ta Kamaru akwai wanda ake kira konseye, wato malamin ba ɗalibai shawara, amma tambayi yara aikinsa za su ce maka ai shi ne mai shigowa aji in wani malami bai zo ba. Alhali mutanen nan karatu na musamman suka yi a ENS, wato babbar makarantar horar da malamai, irin ta Marwa ko ta Yawunde, ba tsinto su aka yi ba.

Inda aka fi buƙatarsu shi ne bayan BEPC, jarrabawar ƙarshen shekara huɗu na farko a sakandare, lokacin da yaro zai shiga aji na gaba, wato sekwand A (adabi) ko C (kimiyya), ko ya koma ɓangaren teknik. Zaɓin nan shi zai bi shi har probatuwar da bak, jarrabawoyin shekaru biyu na ƙarshe, amma a gidajenmu baba ne ke yankewa, "ɗana likita zai zama", sai a tura shi C, lissafinsa kuwa 6 bisa 20 tun sizyem, ajin farko na sakandare, yaro ya yi ta maimaita aji har ya gaji ya koma tuƙin moto. Konseye na kirki zai ɗauko takardun makinsa ya kira uban, ya ce Alhaji duba nan, a Faransanci da tarihi yake da ƙarfi, kuma A ɗin ma akwai lauya akwai ɗan jarida.

Sai maganar sirri. Yarinya ta zo ta ce ana shirin cire ta a aurar, ko ba ta da kuɗin rajistar jarrabawa, bai kamata kafin azahar zancen ya kai ɗakin malamai ba. To wai ta yaya za ta buɗe baki in ofishin nasa tebur ne a lungun sakatariya, kowa na shiga na fita? A ba shi ɗaki mai ƙofa tukuna mana.