Yadda Na Bi Sawun Labarin Tsohuwar Da Ta Cika Cikin Salama

Abu uku kawai na riƙe daga wani labari da aka taɓa ba ni: tsohuwa ta share ɗakinta, ta aika wa maƙwabciyarta ƙwaryar geron da ta ranta, ta yi alwala ta kwanta a gefen dama tana fuskantar alƙibla, ba ta sake tashi ba. Ban san suna ba, ban san gari ba. Kafin in tambayi kowa sai da na rubuta su a takarda, kuma wannan ne ya cece ni, domin da ka fara jin bakin mutane, abin da ka tuna da abin da aka faɗa maka sai su cakuɗe.

Kuskurena na farko shi ne ɗauka cewa tatsuniya ce. Na ɓata makonni a kan tarin tatsuniyoyin da aka tattara a ƙasar Sakkwato aka buga tsakanin 1911 da 1913. Mai neman abu a irin waɗannan tsofaffin bugun ya sani rubutunsu ba irin namu ba ne: "ch" ake sa wa a gurbin "c", kuma babu ƙ, ɗ da ɓ masu lanƙwasa. A intanet ma haka, dole ka gwada "ƙwarya" da "kwarya", ka gwada "lafiya" da "lahiya". Ban samu komai ba, kuma da na natsu tun farko da na gane dalili. Tatsuniya tana buɗewa da "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", da wuya ta rasa Gizo ko dodo ko abin al'ajabi. Nawa labarin babu ko ɗaya. Alwala da alƙibla da biyan bashi kayan wa'azi ne.

Kuskure na biyu ya fi muni. Na riƙa zayyana wa tsofaffi labarin duka sannan in ce ko sun san shi. Don kara, kowa sai ya ce e, ya maimaito mini abin da na faɗa. Daga baya na koma ba da abu ɗaya tak, ƙwaryar geron, in yi shiru. Kuma kowa shi kaɗai, ba a taro ba, don a taro babba ke magana saura su gyaɗa kai.

Ta haka wata ƙanwar kakata ta kawo sharar ɗakin da kanta ba tare da na ambata ba. Ta ce, "Ɗiyana, wagga ba tatsuniya ba ta, jaji ka ba mu ita." Jaji ita ce jagorar 'Yan Taru, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u ta kafa kafin rasuwarta a 1864, inda ake haɗa waƙoƙin wa'azi da labaran kyakkyawan ƙarshe. A ka ake ɗauko su, shi ya sa ban gan shi a littafin boko ba.

Na nemi izininta na ɗauki muryarta a waya sau biyu, mako guda tsakani, na kwatanta. A duka biyun gero ne da shara, amma ta ƙara cewa da hantsi tsohuwar ta cika, ni kuwa shekara da shekaru dare nake gani, wataƙila don da dare aka ba ni shi. Yanzu da wannan nake shirin zuwa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato in duba rubuce-rubucen ajami, tare da malamin da ya iya karanta su.