Kakin miji ba biza ba ne

Na daɗe ina aikin tafinta da haɗa fayil a wani ƙaramin ofishin lauyoyin shige da fice a jihar North Carolina ta Amurka, ba nisa da babban barikin nan na Fort Bragg. Ni ba lauya ba ne. Nawa shi ne juya magana, jera takardu, da buga waya in tuna wa mutum ranar da za a ɗauki hoton yatsunsa. Yawancin masu zuwa wurinmu iyalan sojoji ne daga Meziko, Filifin, Koriya da Jamus. Jefi-jefi kuma sai ga namu: 'yan Nijar masu dangi a Greensboro, 'yan zangon Kumasi da Akara, 'yan Kano da Jos. Kusan duk namu da zato ɗaya suke shigowa, wai tunda mijina soja ne, ko ɗana soja ne, ai magana ta ƙare. Gwamnati ba za ta hana iyalin wanda ya sa ransa a gaba takarda ba.

Zaton yana da hujja, sai dai gwamnatin ba ɗaya ba ce a nan. Ma'aikatar tsaro ita ke ba matar soja katin shiga bariki, ta yi cefane a kantin ciki, ta ga likita da inshorar TRICARE. Izinin zama a ƙasa kuwa yana hannun hukumar shige da fice ta USCIS, biza kuma a hannun ma'aikatar harkokin waje. Kowace da nata littafin. Na sha ganin mace da katin bariki a jaka, alhali a idon hukumar shige da fice ba ta da izinin kwana ɗaya a Amurka.

Shi sojan kansa an sauƙaƙa masa, wannan gaskiya ne. Mai katin zaman dindindin, wanda kowa ke ce wa girin kad, sai ya shekara 5 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Soja a lokacin zaman lafiya shekara guda ta ishe shi, kuma tun da Shugaba Bush ya sa hannu a wani umarni a 2002 ana lissafa duk wanda ya yi aiki daga 11 ga Satumba 2001 a matsayin sojan lokacin yaƙi, ba sai ya jira shekarar ba. Kuɗin fom ma ba ya biya. An taɓa yin wani shiri mai suna MAVNI da ya ɗauki baƙi marasa girin kad saboda harsunan da suka iya, Hausa na cikin jerin, kafin a dakatar da shi a 2016. Amma takardar zama ɗan ƙasa ba ta zuwa da kanta. Sai ka cike fom ɗin nemanta, N-400, shugabanninka sun sa hannu a N-426, takardar shaidar aikin soja, ka je ka yi rantsuwa. Samari da yawa suna ɗauka rantsuwar shiga soja ita ce ta zama ɗan ƙasa, su yi ta tafiya a haka. Matar ce ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Idan ta shigo da bizar ziyara ko ta karatu, wa'adin ya wuce, doka tana yafe wannan ga matar ɗan ƙasa, ta gyara zamanta a cikin Amurka. Matar mai girin kad ba ta da wannan rangwame. Shi ya sa tambayar farko a ofishinmu ba ta matar ba ce, ta mijin ce: kai ka karɓi taka?

Inda na fi koyon darasi shi ne ɗaurin aure. A wurinmu aure yana ɗauruwa ne tsakanin waliyyi da wakili. A nemi aure, a bayar, a faɗi sadaki, shaidu su ji, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Amarya tana cikin gida, ango kuwa ko yana gari ko yana wata duniya, babu abin da ya rage wa auren. Sojojinmu suna cin moriyar wannan sosai, don hutu ba ya samuwa lokacin da iyaye suka sa rana. To dokar shige da fice ta Amurka, tun ta 1952, ta ce auren da aka ɗaura ma'auratan ba sa wuri ɗaya ba a ƙirga shi, sai in sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin.

Wani kofur, yaro mai ladabi, ya zo da fom ɗin I-130, na nema wa matarsa izinin zama, a cike, sa hannu kawai ya rage. Ya zaro waya yana nuna mini bidiyo: tabarmi a ƙofar gida, manyan riguna, maroƙi yana shela.

"Yaya, ai an ɗaura. Limamin unguwarmu ne ya ɗaura. Sadaki ma ni na tura da kaina."

"Allah ya sanya alheri. Ka je gida bayan nan?"

"Ba a ba ni hutu ba tukuna."

Lauyar ta rufe fayil ɗin, ta ce ya nemi hutu, ya je, ya dawo da tambarin fasfo, da tikitin jirgi, da hotunansu tare, sannan a aika. Ransa ya ɓaci, yana ganin an raina masa addini. Na ce masa, ƙanena, ba wanda ya ce aurenka bai yi ba, su dai da sharaɗinsu suke aiki. Tafiyar ma ba a hannunsa take ba, don soja ba ya fita ƙasar waje sai da izini, kuma ƙasashenmu suna cikin waɗanda ake jan ƙafa a kansu saboda tsaro. Ga kuma kunya. Bature zai tambayi abin kai tsaye, ya ce a rubuta a sa hannu. Ni da zan juya wa ɗan Hausa tambayar, wani lokaci a gaban yayarsa, sai na yi ta kewaye.

Don kada wani ya ce mu kaɗai aka sa wa ido, ga labarin Saja Michael Ferschke, sojan ƙundumbala ɗan jihar Tennessee. Ya haɗu da Hotaru, 'yar Japan, lokacin da yake aiki a Okinawa. Aka tura shi Iraƙi tana da ciki. A Yulin 2008 suka yi aure, shi yana Iraƙi ita tana Japan, bayan wata guda aka kashe shi. Rundunar soja ta karɓe ta a matsayin matarsa. Hukumar shige da fice ta ce a'a, ba su sadu bayan ɗaurin ba, cikin da aka samu kafin nan kuma ba ya shiga lissafi. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman dominta ita kaɗai, Shugaba Obama ya sa hannu a Disamban 2010. Wanda aka yi wa haka ɗan ƙasa ne haifaffe, ya mutu a fagen daga.

Takardunmu na gida ma suna da nasu rikicin, amma wannan kowa ya sani. Muhammadu a takardar firamare, Mamman a ta haihuwa, Mohamed a fasfo. Wani ya sa sunan uba, wani na kaka, wani na gari. Dattawa rututu an haife su ranar 1 ga Janairu. Ana gyara irin waɗannan da rantsuwar kotu, in ta kama a yi gwajin DNA. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne tsohon aure. Sakin baki ko na 'yar wasiƙa bai wadatar ba, suna son shaidar hukuma cewa auren farko ya mutu kafin a ɗaura na biyu. Mai mata a gida da ya ƙara wata, ta biyun ba matarsa ba ce a wurinsu, ko da kuwa auren halal ne a inda aka ɗaura shi.

Sai taransifa. Soja ba ya daɗewa a bariki ɗaya, bayan shekara biyu ko uku sai oda ta zo, a naɗe kaya. Hukumar USCIS kuwa har yanzu da wasiƙa take kira. Doka ta ba baƙo kwana 10 ya sanar da sabon adireshi, amma wa ke tuna wannan ana fama da akwatuna da neman makarantar yara? Wasiƙa ta je tsohon gida, ranar hoton yatsu ta wuce, a ce an yi watsi da buƙata. Haka nan wadda aurenta bai kai shekara 2 ba lokacin da aka ba ta girin kad, na wucin gadi ake ba ta, na shekara 2, kuma dole a cike I-751, fom ɗin mai da shi cikakken kati, a cikin kwana 90 na ƙarshe. Sau da yawa kwanakin nan suna faɗowa ne miji yana Kuwait ko Poland, alhali shi ne mai riƙe da takardu, shi ya san inda komai yake. A ganina wannan laifinmu ne mu maza. Mace ta yi shekaru a ƙasa ba ta san lambar fayil ɗinta ba, wai an hutar da ita.

Akwai tarko ɗaya da namu suka fi kowa faɗawa. An tura miji, mata tana da cikin fari, ba uwa ba ƙanwa a kusa, ga sanyi. Abin da hankali zai ba kowa shi ne ta tafi goyon ciki gida, ta haihu, ta yi wankan jego, ta huta. Wata shida sai ya zama goma, goma ya zama shekara da rabi. Mai girin kad da ta wuce wata 6 a waje ana iya cewa ta katse lissafin zamanta na neman zama 'yar ƙasa, in ta haura shekara ba tare da izinin komawa ba katin kansa yana iya salwanta. Wadda ta bi mijinta Jamus ko Japan da sunanta a cikin odar aikinsa ba ta da wannan damuwa, ana ƙirga mata zaman kamar tana Amurka, har rantsuwa tana iya yi a can. Zaman gidan iyaye a Zinder ba ya cikin oda.

Ana yawan tambayata shirin PIP, wanda ake ba iyalin soja da suka tsallako iyaka ba tare da an duba su ba. Dokar 1996 ta ce wanda ya haura kwana 180 ba izini, in ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3, wanda ya kai shekara guda kuwa sai bayan 10. PIP yana ba mutum damar gyara zamansa ba tare da ya fita ba. Maganar ta yi ƙarfi ne a 2007, lokacin da soja Alex Jimenez ya ɓace a Iraƙi matarsa Yaderlin tana fuskantar kora, aka yi ca har aka dakatar. A 2013 aka mai da abin tsari a rubuce. Namu da yawa bai shafe su ba, tunda ta filin jirgi suka shigo da biza. Kuma alfarma ce, jami'i yana iya bayarwa yana iya hanawa, ba ta goge tsohon laifi. Alejandra Juarez matar tsohon soja ce da ya je Iraƙi, amma a 2018 aka mai da ita Meziko daga Florida saboda wata tsohuwar magana ta bakin iyaka tun 1998, sai a 2021 aka bar ta ta dawo. Iska tana juyawa da juyin gwamnati. A farkon 2020 aka rufe wa 'yan Najeriya bizar ƙaura, har da matan 'yan ƙasa, fayiloli suka tsaya cik a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas, sai a Janairun 2021 aka soke.

Duk wannan na miji da mata ne. Da an zo kan dangi sai ƙofa ta ƙara tsukewa. Mai girin kad ba ya iya nema wa uwa, uba ko ɗan'uwa komai. Ɗan ƙasa da ya kai shekara 21 yana iya nema wa iyayensa. Layin 'yan'uwa kuwa ya haura shekara 15. Ɗan riƙo, wanda ka raina tun yana goye, ba ɗanka ba ne a wurinsu sai kotu ta ba ka shi kafin ya kai 16, kuma kun zauna tare shekara 2 a hannunka. Ko a takardar ɗaukar nauyi, rangwamen da ake wa soja kan yawan albashi na mata da 'ya'ya ne kawai, bai haɗa da uwa ba.

Wani saja ya nema wa mahaifiyarsa bizar ziyara don ta zo jegon matarsa. Ya haɗa da wasiƙar kwamanda, da hotonsa cikin kaki, yana ganin an gama. A 'yan mintuna aka miƙo mata fasfo da takardar ƙi. Jami'in biza ba ya tambayar waye ɗanki, abin da yake aunawa shi ne me zai dawo da ke gida, kuma ɗa mai albashi a Amurka a ma'auninsa dalilin zama ne. Da wannan ta ƙi, sajan ya ce to a nema mata ta dindindin, tunda shi ɗan ƙasa ne. Wannan mai yiwuwa ne, amma ita kaɗai. Autanta ɗan sakandare ba ya bin ta a takardar. Sai ta iso, ta karɓi katinta, sannan ita ta nema masa, ya jira nasa layin.

Muka kira ta a waya daga ofis, ina fassara wa lauya.

"Ina wuni, Hajiya. Kin ji bayanin?"

"Na ji, ɗan nan. Ni dai ba inda za ni in bar yaron nan. Ya gama makaranta tukuna."

Sajan ya yi ta lallashi, "Inna, ki yi haƙuri ki zo," ta ce ta gama magana. Lauyar ta jawo takarda ta lissafa masa shekarun yaron. Duk shekarar da Hajiya ta ƙara a gida tana matso da shi kusa da 21, daga nan kuma a mai da shi wani layi mai tsawo. Ta ƙara da cewa in har suna son hanyar uwar ta yi aiki, kada a kuskura a yi masa aure kafin ya karɓi nasa katin, don mai girin kad ba ta iya nema wa ɗa mai aure. Da na juya wannan, Hajiya ta ce to sai dai su su zo su faɗa wa baffanninsa.