Ƙarfe 3 na dare fa? Abin da wani lissafi ya koya min a aji

Zangon karatun da ya wuce mun yi wani kwas kan kasafin kuɗin birane, irin kwas ɗin nan da mutum ke ɗauka don dole ba don so ba. A ciki ne Malama ta raba mu rukuni rukuni ta ba kowa aiki. Namu rukunin aka ce mu ƙaddara wani matsakaicin birni ne a Amurka, majalisarsa na so a riƙa tura ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa duk sanda aka kira lambar gaggawa ta 911 aka ce ga wani can hankalinsa ya gushe yana ihu a titi, ko yana cewa zai kashe kansa, maimakon a tura 'yan sanda su kaɗai da bindiga da ankwa. Tambayar ɗaya ce tal, nawa abin zai ci?

Ni da rawar kaina na ce wa 'yan rukunin su bar min, wannan ai aikin dare ɗaya ne. Na buɗe Excel na zuba albashin ma'aikata huɗu, mota biyu, kuɗin mai, rediyon oba-oba, na tara, sannan can ƙasa na yi wani layi da koren launi na rubuta maƙudan kuɗin da birnin zai huta da kashewa a gidan yari da asibiti. Lissafi ya fito tsaf har da riba. Muka miƙa ina ta jin kaina.

Da takardar ta dawo, Malama ba ta ce komai kan ribar ba tukuna, kawai ta zagaye lamba 4 ɗin nan da jan biro ta rubuta a gefe: "Ƙarfe 3 na dare fa?"

Wallahi sai da na yi kusan minti biyar ina kallon rubutun kafin na gane. Sati ɗaya awa 168 ne, ma'aikaci ɗaya kuma awa 40 yake yi, kenan kujera ɗaya a cikin mota in ana so kullum da mutum a kanta dare da rana sai an ɗauki mutum huɗu da ɗoriya, in ka sa hutun shekara da rashin lafiya da ranakun horo ya zama biyar. Mota ɗaya mai kujera biyu mutum goma kenan. Ni kuma na ba mota biyu mutum huɗu, wato na shirya wa birnin motar da za ta tashi aiki da yamma kamar ofishin gwamnati, alhali shi ciwon ba ya duba agogo. Ban ma sa mai kula da su ba, ban sa inshora ba, ban sa horar da masu ɗaga waya a ɗakin 911 ba, waɗanda su ne za su saurari murya cikin daƙiƙoƙi su yanke ko wannan kiran na ɗan sanda ne ko na ma'aikacin lafiya. In su ba su yarda da shirin ba, motar za ta wuni a fake ana biyan albashi.

Daga nan na koma na karanta abin da gaske, sai na ga ashe ma ba abu ɗaya ake nufi ba in an ce a saka ma'aikatan ƙwaƙwalwa cikin aikin. Akwai salon garin Memphis, wanda aka fara a 1988 bayan 'yan sanda sun harbe wani mutum mai taɓin hankali da ke riƙe da wuƙa a 1987, shi wannan 'yan sandan ne da kansu ake ba horon awa 40 kan yadda za su lallaba mutum, shi ya fi araha a takarda. Akwai wanda ake haɗa ɗan sanda da ma'aikacin lafiya a mota ɗaya. Sai wanda babu ɗan sanda sam, kamar CAHOOTS na garin Eugene a jihar Oregon da asibitin White Bird ya fara a 1989, mai ba da agajin gaggawa ɗaya da mai kwantar da hankali ɗaya a farar mota, da kuma STAR na Denver da ya fara a watan Yunin 2020. Abin da ya ban mamaki, na tsakiyan nan da 'yan siyasa suka fi so saboda yana kwantar wa kowa hankali, shi ne mai tsada a kowane kira, don albashi biyu ne a mota ɗaya kuma ɗan sandan bai samu sararin zuwa wani aikin ba, yana nan tsaye yana jira a gama magana.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Koren layin nan nawa na riba shi ne inda aka fi kayar da ni.

Ranar da muka je ofishinta na ce, "Malama, ai ba ni na ƙirƙira ba, bincike ya nuna." Kuma gaskiya ne akwai binciken. Wasu malaman jami'ar Stanford, Thomas Dee da Jaymes Pyne, sun fitar da nazari a 2022 kan STAR, suka ce rahoton ƙananan laifuka ya ragu da kashi 34 cikin ɗari a unguwannin da motar ke zuwa, kuma kuɗin kowane laifi ya kama wajen dala 151 a hannun STAR, alhali in ta hanyar kamu da kotu aka bi sai ya kai dala 646. A wata shidan farko an kira su sau 748 kuma ba a kama kowa ba ko mutum ɗaya. Na karanto mata duk wannan da ƙarfin gwiwa. Ta bari na gama sannan ta ce, "Na ji. To wannan kuɗin da ka ce an rage, aljihun wa ya shiga?"

Shiru na yi. Don a Amurka galibi birni ne ke biyan 'yan sanda kuma shi zai biya motar, amma gidan yarin na gunduma ne, asibitin na wani kamfani ne ko wata ƙungiya, inshorar talakawa ta Medicaid kuma jiha da gwamnatin tarayya ke ɗaukarta. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, birni ya fitar da kuɗi a zahiri, sauƙin kuma ya watsu a littattafan wasu da ba za su taɓa rubuto masa cek ba. Kuma ko su ɗin ma sauƙin ba tsabar kuɗi ba ne yadda na ɗauka. In yau an rage mutum uku a gidan yari, ba a sallami gandiroba ko ɗaya ba, wutar lantarki na nan a kunne, ginin na nan, abin da aka rage bai wuce abincinsu da maganinsu ba. Ni kuma na raba dukkan kasafin gidan yarin da yawan fursunoni na ce ga kuɗin kowane kai, na ninka. Wannan kuskuren ashe har manya na yinsa a rahotanni masu bango mai sheƙi, ba ni kaɗai ba, abin da ya ɗan rage min kunya kenan.

Ko CAHOOTS da kowa ke kafa hujja da shi akwai jayayya a kan alƙalumansa. Su sun ce a 2019 sun amsa kira wajen 24,000, kusan kashi 17 cikin ɗari na kiran yankin, da kasafin da bai wuce dala miliyan 2 da 'yan kai ba. Rundunar 'yan sandan Eugene ta yi nata lissafin ta ce kiran da aka ɗauke mata da gaske bai wuce kashi 5 zuwa 8 ba, saboda da yawa cikin kiran dama can ba wanda za a tura ɗan sanda ba ne. Ni a ganina duka biyun suna da gaskiya, kuma abin da hakan ke nunawa shi ne in ka buɗe ƙofar da mutane ba sa tsoro, waɗanda da can ba sa kiran kowa za su fara kira. Alheri ne ga jama'a, amma a kasafi ƙarin aiki ne, kuma wanda ya sayar wa majalisa shirin da sunan tsimi zai sha tambaya a shekara ta biyu. Sannan arahar CAHOOTS ɗin ma wani ɓangarenta daga jikin ma'aikatan aka yanko, a wajajen 2020 dala 18 a awa ake biyan da yawansu, mutanen da ke durƙusawa gaban wanda ke riƙe da reza. Da irin wannan albashin ba a riƙe ƙwararre, ya koyi aiki ya tafi, a sake horar da sabo. A watan Afrilun 2025 CAHOOTS ya daina aiki a cikin Eugene saboda matsalar kuɗi, bayan shekara talatin da biyar ana zuwa daga ko'ina ana koyon salonsa. Ranar da na ga labarin jikina ya yi sanyi sosai.

A rukuninmu akwai wani dattijo da ya yi aikin ɗan sanda shekaru kafin ya dawo karatu, ba ya yawan magana, muna ce masa Baba. Wata rana muna ta gardama kan mota nawa za a saya sai ya ce, "Yara, duk kun tsaya a titi. In an lallaba shi ya yarda ya shiga mota, ina za a kai shi?" Ya ba mu labarin yadda ya taɓa kwana kan kujerar roba a barandar imajensi da wani saurayi da ya ɗauko, yaron na rawar sanyi ya lulluɓa masa rigarsa, injin sayar da lemo na ta ƙugi a gefensu, nas na wucewa tana cewa a ƙara haƙuri babu gado, har dutinsa ya ƙare wani ya zo ya karɓe shi, yaron bai ga likita ba. Ya ce a irin wannan daren ne ɗan sanda ke koyon cewa kai mutum sel ya fi sauri, minti kaɗan ka cike takarda ka koma bakin aiki.

Sai na koma na duba Memphis da kyau, ashe abin da ya riƙe shirinsu ba horon awa 40 ɗin kaɗai ba ne, akwai asibitin da aka yi yarjejeniya ba zai mayar da duk wanda ɗan sanda ya kawo ba, a karɓe shi nan take jami'in ya juya. Garuruwa da yawa sun kwafi horon don shi ne mai arha, suka bar asibitin. Cibiyar da za ta karɓi mutum kowane lokaci, da gadaje da nas da likita, ita ce ke cin kuɗin gaske, motar kusa da ita wasan yara ce. Ingila ma ta nuna ɗaya fuskar abin, a 2023 aka yaɗa tsarin da 'yan sandan yankin Humberside suka fara, na cewa in ba rai ke cikin haɗari ba ko laifi ake aikatawa to kiran taɓin hankali ba nasu ba ne, 'yan sandan Landan suka bi sahu a watan Nuwamba, aka yi ƙiyasin za a ceto wa 'yan sanda awa miliyan ɗaya a shekara. To awannin ba ɓacewa suka yi ba, kan ma'aikatan hukumar lafiyar ƙasar, NHS, suka koma, su da dama numfashi suke da kyar.

Maganar inda kuɗin zai fito ma wani karatun ne. A Amurka, dokar tallafin korona ta 2021 ta ce gwamnatin tarayya za ta ɗauki kashi 85 cikin ɗari na kuɗin irin waɗannan motocin ta hanyar Medicaid, amma na shekara uku na farko ne, layin 988 na masu matsalar ƙwaƙwalwa ko tunanin kashe kai kuma ya fara aiki a Yulin 2022 ya ƙaro masu kira. Sannan inshora aikin da aka yi wa mai rajista take biya, ba ta biyan awannin da ma'aikata ke zaune suna jiran waya ta yi ƙara, alhali jiran nan shi ne rabin aikin, kamar 'yan kwana-kwana ne, ba wanda ke cewa a biya su gobara gobara. Denver ta ɗan fi wasu dabara, a 2018 masu zaɓe suka amince a ƙara santi 25, wato kwatan dala, na haraji kan kowace dala 100 ta sayayya don lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, daga asusun nan aka fara STAR da dala dubu ɗari biyu da 'yan kai, mota ɗaya, Litinin zuwa Juma'a, 10 na safe zuwa 6 na yamma. Su ma ashe ba su fara da ƙarfe 3 na dare ba, daga baya suka faɗaɗa.

Kuɗin da ya fito a rahotonmu na biyu ya ninka na farko sau uku da wani abu, kuma na goge koren layin gaba ɗaya. A madadinsa muka yi shafi guda muka jera wa zai samu sauƙi, gunduma, asibiti, jiha, muka ce a zauna da su tun kafin a sayi mota ko ɗaya a ji nawa kowa zai zuba. Ni har yanzu ina goyon bayan a yi shirin, don uwar da ta kira waya tana neman a taimaki ɗanta bai kamata ta tsaya tana tunanin ko da ransa za a dawo mata da shi ba, amma na daina cewa kyauta ne ko zai biya kansa. Baba ya so mu sa cibiyar karɓar marasa lafiya a shekarar farko, sauran suka ce majalisa za ta gudu in ta ga adadin, muka tura ta shekara ta biyu, har yau yana min ƙorafi a WhatsApp.

Takardar ta dawo da maki mai kyau, da jan biro a shafin ƙarshe inda tallafin tarayya ya ƙare: "Shekara ta 4 fa?" Wannan shi ne aikinmu na wannan zangon, kuma an sake haɗa ni rukuni ɗaya da Baba.