Hasken da duniya ke mayar wa wata

Duk wanda ya saba fita duban jinjirin wata ya taɓa ganin wannan abu. Idan wata ya kwana biyu ko uku, sama kuma ta yi garau babu hazo, bayan siririn gefen nan mai haske za ka ga sauran jikin watan ya fito dishi-dishi, toka-toka. Ni a saman soron gidanmu na fi ganinsa, bayan an idar da magariba, musamman ƙarshen damina da ruwa ya wanke ƙura.

Wannan haske namu ne. Rana ta haska duniya, gajimare da teku da rairayin hamada suka mayar da wani kaso sama, ya sauka a ɓangaren watan da rana ba ta kai ba, sannan ya dawo idonmu. Leonardo da Vinci ya yi bayanin haka tun farkon ƙarni na 16. Masana taurari suna kiran yawan hasken da jiki ke mayarwa albedo. Duniyarmu tana mayar da kusan kashi 30 cikin 100. Wata, duk farin da muke gani a daren sha huɗu, bai wuce kashi 12 ba, don ƙasarsa mai duhu ce. Zara matar wata kuwa tana mayar da wajen kashi 75, saboda gajimare mai kauri ya lulluɓe ta ko'ina.

Aikin da ya fi shiga raina a wannan fanni shi ne na cibiyar Big Bear da ke Kaliforniya a Amurka. Philip Goode da abokan aikinsa sun yi ta auna wannan dishi-dishin daga 1998 zuwa 2017, dare bayan dare, suna kwatanta ɓangaren wata mai duhu da mai haske. A 2021 suka fitar da sakamako: duniya ta ɗan dusashe. Hasken da take mayarwa ya ragu da kusan rabin wat (ma'aunin ƙarfin haske da wutar lantarki) a kowace murabba'in mita, kuma yawancin ragin ya zo ne a shekaru ukun ƙarshe. Sun danganta shi da raguwar farin gajimare na ƙasa-ƙasa a gabashin tekun Fasifik, inda ruwa ya ɗumama. Hasken da bai koma sama ba kuwa nan yake zama, ya koma zafi. Wallahi ina ganin girman mutanen da za su shafe shekara ashirin a kan awo guda, alhali babu tabbacin za a samu abin faɗa. Irin wannan haƙuri ba ya samun kanun labarai yadda ya kamata.

Tun da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya mai zagaya wani tauraro irin rana a 1995, aka fara neman auna hasken duniyoyin nesa su ma. Yawancinsu ba a ganinsu ido da ido. Ana jira ne duniyar ta shige bayan tauraronta. Ɗan ragin hasken da aka samu a lokacin, shi ne nata. Da bayanan na'urar hangen nesa ta Kepler, a 2011 aka gano cewa wata duniya mai suna TrES-2b ba ta mayar da ko kashi 1 cikin 100, ta fi gawayi baƙi.

Kishiyarta ita ce LTT 9779 b, wadda na'urar hangen nesa ta Turai mai suna Cheops ta auna, aka sanar a 2023. Tana zagaye tauraronta cikin awa 19 kacal, zafin fuskarta ya kai wajen digiri 2,000, amma tana mayar da kusan kashi 80. A irin wannan zafi bai kamata gajimare ya iya haɗuwa ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne sararinta ya cika maƙil da tururin narkakken dutse da ƙarfen titaniyam, har ya rasa inda zai shiga, sai ya dunƙule ya zama gajimare mai ƙyalli. Suna kuma zaton wannan gajimaren ne ya kare iskarta, da tuni tauraron ya ƙone ta ya bar dutse tsirara.